Cikin miskilan shugabannin anime, wa za ka yarda ka bi zuwa fagen daga?

Zero na Kurna: Assalamu alaikum 'yan zaure. Gargaɗi tukuna: duk wanda bai gama Code Geass, Attack on Titan, Vinland Saga da Fullmetal Alchemist ba, ya lallaɓa ya fice tun yanzu, don yau za a fasa ƙwai, kuma ba mai ba shi haƙuri.

Jiya da daddare na sake kallon kashin ƙarshe na Code Geass, karo na nawa ma na manta. Har yanzu in Nunnally ta riƙe hannun yayanta Lelouch ta gane abin da ya shirya, sai na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro. Shi ya sa nake son mu baje kolin waɗannan shugabannin masu zurfin ciki, masu shan mur, waɗanda hannunsu ya jiƙe da jini amma ka kasa tsanar su. Ni dai na riga na yanke: babu kamar Lelouch. Yaro ɗan shekara 17, an kashe uwarsa, ƙanwarsa ta makance ta gurgunce, ubansa sarkin Britannia ya watsar da su a Japan kamar tsumma. Daga baya uban ya ci ƙasar da yaƙi, ya goge mata suna ya laƙaba mata lamba 11. Yaron nan ya rufe fuska ya zama Zero, ya haɗa runduna daga 'yan tawayen da ko tsayuwa a layi ba su iya ba, ya girgiza daular da ta mallaki sulusin duniya. Da ya hau karaga a matsayin sarki na 99, sai ya tattara ƙiyayyar duniya kakaf ya ɗora wa kansa, ya sa amininsa Suzaku ya soke shi a bainar jama'a. Ya ci bashi, ya biya da ransa. A kawo min wanda ya yi haka.

Yaya Admin: Wa alaikumus salam. Dokar zaure tana nan: ba zagi, ba turo hotunan da ba su dace ba. Bismillah.

Maman Hanan: Ƙanina, ka ce ya biya da ransa. Wa ya karɓi kuɗin?

Zero na Kurna: Anti kamar yaya?

Maman Hanan: Bashi ai mai shi ake biya. Ka tuna yaƙin Narita a zango na ɗaya? Ya sa aka zaftaro da dutse kan sojojin Cornelia, ƙasar ta gangara har cikin gari ta binne mutane, ciki har da mahaifin Shirley, yarinyar da ke son shi tsakani da Allah. Me ya yi mata daga baya? Ya goge kansa daga ƙwaƙwalwarta da Geass, ikon nan na idonsa mai tilasta wa mutum bin umarninsa. Ko damar ta yi fushi da shi yadda ya kamata bai bar mata ba. To ranar da Suzaku ya soke shi, mahaifin Shirley ya taso? Mutuwar da ka zaɓa wa kanka rana, ka zaɓi mai yi, ka zaɓi kayan da za ka sa, har da jerin gwanon motoci, wannan ba hisabi ba ne, wasan kwaikwayo ne na ƙarshe. Kuma ya yi kyau, ni ma na yi hawaye, ba zan ɓoye ba.

Zero na Kurna: Narita kuskure ne Anti, bai san ƙasar za ta kai gari ba.

Maman Hanan: Na yarda. 'Yar'uwarsa Euphemia ma kuskure ne, ikon idonsa ne ya kuɓuce masa daidai lokacin da yake zolayar ta da misalin kashe Japanawa, maganar ta zama mata umarni ta aiwatar. Ban kama shi da wannan ba, don a lokacin ya riga ya amince zai haɗa hannu da ita. Abin da na kama shi da shi, abin da ya biyo baya ne. Jini na malala a filin, shi kuma har ya lissafa ribar da zai ci. Ya harbe ta da hannunsa, ya bar duniya ta ci gaba da kiranta gimbiya mai kisan kiyashi. Yarinyar da ba ta taɓa nufin kowa da sharri ba.

Ɗan Damagaram: Ku bari in sa baki. Mu nan da fassarar Faransanci a ƙasan allo muka kalla, amma labarin ɗaya ne. Abin da ban taɓa yafe wa Lelouch ba, ba ma wannan ba ne. Ƙarshen zango na ɗaya, ana tsakiyar gumurzu a Tokyo, nasara ta kusa, aka ce masa an sace Nunnally. Mutumin nan ya juya ya bar rundunarsa a fili ba kwamanda, ba bayani. Aka murƙushe su, aka kame manyansu. Zero na Kurna, tambayar da ka sa a kai ita ce wa za ka bi zuwa fagen daga. Za ka bi wanda in an taɓa ƙanwarsa zai bar ka da harsashi?

Zero na Kurna: In taka ƙanwar ce fa?

Ɗan Damagaram: Zan tafi mana. Shi ya sa ban ce kowa ya bi ni ba.

Autar Uchiha: Hhhh Yaya Zero an kama ka.

Zero na Kurna: Ba a kama kowa ba. Ku dai kuna auna shi da ma'aunin dattijo, alhali yaro ne ɗan sakandare. Kuma shi ne kaɗai cikinsu da ke shiga gaba da kansa. Ko a wasan ces, sarkinsa yake fara turawa, don a ganinsa shugaban da bai motsa ba, ba shi da bakin cewa a bi shi.

Maman Hanan: Sarkin da ya tura gaba, amma a zango na biyu ya kalli sojoji ya umarce su da idonsa su zama bayinsa har abada, sannan ya tarwatsa dutsen Fuji suna ƙarƙashi? Kuma bayan Rolo ya kashe Shirley, wa ya aika runduna ta share cibiyar masu Geass, har da masu binciken da ba su riƙe da ko tsinke, har da yara? Ranar ba don Japan ya yi ba, huce haushi ne.

Ɗan Bariki: Na daɗe ina karanta ku. Ni a bariki na tashi, mahaifinmu soja ne, ya yi ritaya. Ba ruwansa da "katun", haka yake kiran su. Wata rana ina kallon Attack on Titan a falo, zango na uku, kashi na 53, ya zo wucewa zai yi alwala sai ya tsaya. Wurin da ƙaton birin nan yake farfasa duwatsu yana watso su kamar ruwan sama, an rutsa Erwin da kurata a bayan ganuwar Shiganshina, gidajen da suka fake suna rushewa ɗaya bayan ɗaya. Baba ya ce in fassara masa. Na ce kwamandan yana gaya musu ne za su hau dawakai su tunkari birin kai tsaye suna harba hayaƙi, don hankalinsa ya tafi kansu, Levi ya zagaya ta gefe ya sare shi. Kuma ya gaya musu ƙarara dukansu mutuwa za su yi. Baba ya ce, "Shi yana ina?" Na ce yana gaba. Ya yi shiru, butarsa a hannu, har aka gama. Bai ce komai ba ya fita. Da dare ya ce in tura masa a waya.

Don haka ni Erwin Smith. Bai da ido mai sihiri, bai da komai sai baki da lissafi. A zango na biyu ƙato ya cafke masa hannun dama yana tafiya da shi, shi kuma yana ihun a ci gaba. Ba wanda ya tilasta wa kowa. Ya faɗi gaskiya, suka bi shi da ƙafafunsu.

Maman Hanan: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Amma Ɗan Bariki, ya faɗi gaskiyar mutuwa, bai faɗi gaskiyar dalili ba.

Ɗan Bariki: Na san inda za ki je, Anti.

Maman Hanan: To bari in je. Erwin yana yaro ya tambayi mahaifinsa a aji, don malaminsu ne, ta yaya aka tabbatar babu mutane a wajen ganuwa. Uban ya amsa masa a gida, a asirce, cewa yana zargin gwamnati ta goge wa mutane tarihi. Yaro ya fita yana faɗa wa abokai, 'yan sandan ciki suka ji, aka kawar da uban aka ce hatsari ne. Tun daga nan duk abin da Erwin ya yi, don ya tabbatar mahaifinsa ba ƙarya ya yi ba ne. Yana tsayawa gaban yara yana cewa su sadaukar da zukatansu don ɗan Adam, shi kuwa tasa zuciyar tana ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan su Eren, inda yake sa ran amsar tambayar nan take. Shi da bakinsa ya amsa wa Levi haka, yana zaune kan akwati.

Ɗan Bariki: Daidai. Kuma a nan ne ya fi su duka. Ɗakin nan yana nan kusa, tafiyar 'yan mintoci. Abin da ya kashe rayuwarsa a kai, abin da ya tara tulin gawarwaki dominsa. Levi ma ya ba shi shawarar ya tsere. Da ya so da ya gani. Amma ya zauna ya faɗi son zuciyarsa da baki, ya bar wani ya yanke masa hukunci, Levi ya durƙusa ya ce ya haƙura da mafarkin ya jagoranci yaran zuwa mutuwa. Ya yi murmushi ya gode masa. Lelouch ya mutu bayan ya sami abin da yake so. Erwin ya mutu a bakin ƙofar nasa bai leƙa ba. Ba ɗaya ba ne.

Zero na Kurna: Mutum tara kacal suka dawo daga Shiganshina fa. Tara. Wannan ne gwanin naku?

Ɗan Bariki: Da bai yi ba, sifili ne za su dawo.

Ɗan Damagaram: Ni ina tsakiya kan Erwin. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne farautar Annie, maciyar amanar da ke rikiɗa ta zama ƙatuwa. A daji ya ɓoye wa yawancin sojojinsa ainihin shirin, suna ta faɗuwa ba su san tarko ake ɗanawa da su ba. Petra da sauran 'yan tawagar Levi duk a wannan fitar suka tafi. Sannan ya kawo faɗan cikin garin Stohess, inda mata da yara ke harkarsu. Kurtu ya sa hannu ya shiga soja, ya san abin da ya saya. Mai sayar da burodi a Stohess wa ya tambaye shi?

Ɗan Bariki: Wannan kam ba ni da amsa. Akwai maci amana a cikinsu, dole ya ɓoye shirin. Amma Stohess alhaki ne, kuma shi ma bai taɓa cewa ba alhaki ba ne.

Autar Uchiha: Ni duk kun manta da Itachi na Naruto. Shekara 13 fa! Aka ce ya zaɓa tsakanin danginsa da garinsa, ya kashe har iyayensa yana kuka, ya bar ƙaninsa Sasuke, ya yarda a kira shi maci amana har ya mutu. Wa ya kai shi zurfin ciki?

Yaya Admin: Auta, Itachi ba shugaba ba ne, ɗan aike ne. Danzo ya aike shi. In shugaba ake nema a Naruto sai dai Nagato, shi ne ya riƙe Akatsuki.

Autar Uchiha: Yaya Admin ai dai ya fi Nagato hankali.

Maman Hanan: Ƙanwata, ki koma wurin da Kabuto ya tayar da shi daga kabari. Shi da kansa ya ce wa Sasuke ya yi kuskure da ya ɗauki komai shi kaɗai, da ya gaya masa gaskiya tun farko wataƙila da abin bai kai haka ba. Mai abu ya ce ya yi kuskure, ke kina cewa bai yi ba. Kuma ki faɗi gaskiya, rabin son da kuke masa irin son miskilin littattafan Hausa ne na waya: dogo, ba ya magana, ba ya dariya, yana wulaƙanta kowa, sai a shafi na ɗari a gano ashe yana da dalili.

Autar Uchiha: Kai Anti! Wallahi kin tona mu.

Kira Ɗan Gaske: Light Yagami na Death Note fa? Yaƙe-yaƙe sun tsaya a zamaninsa, masu laifi sun shiga taitayinsu.

Zero na Kurna: A'a malam, kar ka haɗa min Lelouch da wannan. Tun kashi na biyu, da wani ya fito a talabijin ya kira shi mugu, nan take ya rubuta sunansa a littafin nan mai kashe duk wanda aka rubuta a ciki. Ba don laifin da ya sani ba, don an taɓa masa girman kai. Ga Naomi Misora, matar da ya yaudara ta ba shi sunanta. Da ajali ya zo masa kuwa, ka ga yadda ya rikice yana kiran sunayen mutanen da ya gama amfani da su. Wanzami ba ya son jarfa.

Kira Ɗan Gaske: To Griffith.

Yaya Admin: Griffith ya miƙa rundunarsa gaba ɗaya hadaya don ya sami fukafukai. Ba sarƙaƙiya a nan. Kuma akwai yara a zauren nan, Berserk ba nasu ba ne. A wuce.

Malam Na Tarihi: Salamu alaikum. Yanzu na taso daga makaranta na tarar da saƙo fiye da ɗari. Ku ba ni dama in kawo wanda ba ya ɓata lokaci wajen neman ku so shi: Askeladd na Vinland Saga.

Mutumin nan ya karɓi kuɗi ya kashe Thors, kuma ba da ƙarfi ba, don Thors ya kayar da shi a fito-na-fito. Garkuwa aka yi da ɗansa Thorfinn, aka yi masa ruwan kibau. Ya ja yaron nan Thorfinn sama da shekara goma yana aika shi aikin mutuwa, ladan kawai a ba shi damar gwada ɗaukar fansa. A kashi na 14, cikin hunturu, ya shiga wani ƙauyen Ingila, ya tara mutanen, ya ƙirga abincinsu, ya ga ba zai ishi kowa ba kuma in ya bar su za su tona inda yake, ya sa aka kashe su duka. Yarinya ɗaya ce ta tsira don tana waje. Ba waƙar tausayi aka sa masa ba, ba a nuno shi yana kuka a ɗaki ba. Ya kashe Ragnar, mai renon yarima Canute, don kawai yaron ya daina laɓewa bayan wani ya zama namiji.

Sannan sai a buɗe maka cikinsa. Uwarsa baiwa ce 'yar Wales, ubansa Baɗenmake ne da ya wulaƙanta ta. Ya tashi cikin toka da kashin dawaki, sunan Askeladd ma daga tokar ya samo. Ya shekara da shekaru yana jagorantar mutanen da a ransa ya tsane su, kuma ranar da suka juya masa baya ya faɗa musu haka a fuska. Da sarki Sweyn, mahaifin Canute, ya sa shi a tsaka mai wuya, ko Wales ko Canute, sai ya zaɓi na uku: ya fille kan sarki a gaban fada, ya yi kamar ya haukace, ya tsaya har Canute ya soke shi, don yaron ya hau mulki a matsayin wanda ya rama wa ubansa, Wales kuma ta tsira. Zero na Kurna, ka ga shirin gwaninka ke nan, amma cikin 'yan daƙiƙu aka tsara shi, ba jerin gwano.

Abin lura ga ɗalibaina da ke nan: Sweyn da Canute mutanen gaske ne. Sweyn ya mutu a farkon 1014, Canute ya zama sarkin Ingila a 1016, ya haɗa da Denmak, daga baya Norway, ya rasu a 1035. Amma fille kan nan ƙirƙirar marubuci ce, kar wani ya rubuta min ita a jarrabawa.

Ɗan Damagaram: Malam, to za ka bi shi?

Malam Na Tarihi: Allah ya kiyaye. Ko kasuwa ba zan bi shi ba. Bjorn kaɗai ya ɗauke shi aboki, shi ma sai da yana bakin mutuwa ya ji kalmar daga bakinsa. Na kawo shi ne don in nuna muku wani abu. Lelouch da Itachi, marubutansu suna tsaye a bayansu suna share musu hawaye, suna nuna mana kyakkyawar fuska da kiɗa mai taushi. Askeladd an bar shi da ƙazantarsa. In ka ji tausayinsa, kai ka jiyo, ba a ɗura maka ba.

Zero na Kurna: Malam da girmanka, amma wanda ya yanka ƙauye guda saboda hatsi ba zai zauna layi ɗaya da wanda ya kawo wa duniya zaman lafiya ba.

Malam Na Tarihi: Ɗana, ƙauyen Askeladd mutum nawa ne, dutsen Fuji mutum nawa? Bambancin, nasa an nuna maka fuskokinsu suna addu'a kafin cin abinci. Na gwaninka daga sama aka ɗauko hoton.

Maman Hanan: Malam ya gama magana. Yanzu bari in faɗi nawa, tunda tun ɗazu rusa na mutane nake yi. Roy Mustang na Fullmetal Alchemist.

Autar Uchiha: Wanda ruwan sama ke mayar da shi ba amfani? Hhh.

Maman Hanan: Shi fa. Mai son 'yan mata, mai gudun aikin ofis. Wannan duk riga ce. A yaƙin Ishval gwamnati ta ba da umarnin share al'umma guda, shi kuma da ƙyasta yatsa yake ƙone unguwa. Aka dawo ana kiran shi gwarzo. Bai ce umarni aka ba ni ba, bai kuma je ya rataye kansa ba. Ya ce zai hau har kujerar shugaban ƙasa, ya karɓe mulki daga hannun soja ya mayar wa majalisa. Mataimakiyarsa Riza ta bayyana wa Edward, jarumin shirin, abin da hakan ke nufi: ranar da mulki ya koma hannun farar hula, waɗanda aka kira gwarazan Ishval za su tsaya gaban kotu a matsayin masu laifin yaƙi, har da su biyun. Wato mutum yana gina kotun da za ta yanke masa hukunci.

Amma ba ma wannan ya sa na zaɓe shi ba. Ranar da ya ɗauki Riza Hawkeye mataimakiya, ya ce ta tsare masa baya, kuma ya fayyace mata: wanda ke bayanka yana iya harbin ka. In ta ga ya kauce hanya, ta harbe shi. Ba magana ce ta fatar baki ba. Da ya gano Envy ne ya kashe amininsa Hughes, ya dinga ƙona shi yana maimaitawa, idonsa ya rufe, Riza ta ɗora masa bindiga a ƙeya. Edward ya riƙe Envy ya hana, Scar, mutumin Ishval da ya fi kowa dalilin tsanar Roy, shi ma ya tsaya yana kallon shi. Kuma ya sauke hannu. Ku nuna min wanda ke da ikon ce wa Lelouch tsaya. Ku nuna min na Itachi, ko na Askeladd. Erwin kaɗai ya kusa, da ya miƙa wa Levi hukunci, shi ma a sa'arsa ta ƙarshe. Ni in zan bi mutum cikin wuta, ina son in san akwai wadda ke bayansa da bindiga, kuma shi ya ba ta.

Ɗan Bariki: Anti wannan ta shige ni. Baba yana yawan cewa hafsan da ba wanda ke iya ce masa "Oga, a'a" shi ke kashe yara.

Zero na Kurna: To ni ma bari in rusa. An yi shari'ar? Kashi 64 aka yi, a wanne aka gurfanar da shi? Grumman ne ma ya hau kujerar, soja ya gaji soja. Sannan da ya makance, da me aka ce za a buɗe masa ido? Da dutsen da Dakta Marcoh ya kawo, wanda da rayukan mutanen Ishval aka haɗa shi. Ya ƙone su da rai, ya warke da ruhinsu. Lelouch ko ba komai bai ci riba ba.

Maman Hanan: Wannan ta same ni, ba zan yi gardama ba. Dutsen nan ni ma yana damuna. Abin da zan ce kawai, Marcoh ya ba shi ne da sharaɗin zai tsaya a sake gina Ishval a mayar da mutanenta gida, kuma ya ce a fara warkar da yaronsa Havoc kafin shi. Amma shari'a kam ba a nuna ba. Alkawari ne muka gani.

Zero na Kurna: Alkawarin ɗan siyasa.

Maman Hanan: Ƙanina kar ka sa in tuna maka fim ɗin 2019, inda aka tayar da gwaninka daga mutuwa ya tafi yawon duniya da C.C. Ina bashin da aka biya?

Zero na Kurna: Wannan wani layin labari ne daban Anti! A can ko Shirley ba ta mutu ba. Ba a lissafa shi.

Ɗan Damagaram: In ya yi daɗi a lissafa, in bai yi ba wani layi ne daban.

Malam Na Tarihi: Maman Hanan, ma'auninki ya tuna min da Legend of the Galactic Heroes, tsohon nan mai kashi 110 da ba wanda ya yarda ya kalla a zauren nan sai ni. Reinhard yana da irin Riza ɗinsa, amininsa Kircheis. Da aka bar makaman nukiliya suka faɗa kan Westerland, mutum miliyan 2 suka hallaka don a ci ribar farfaganda, Kircheis ya tunkare shi. Reinhard ya tuna masa matsayinsa, aka kuma hana shi shiga taro da bindiga kamar yadda ya saba. A taron aka kawo wa Reinhard hari, Kircheis ya tare da jikinsa hannu wofi, ya mutu. Ba da bindigar abu ne, barin ta a hannun mutum ranar da ya faɗa maka abin da ba ka so wani abu ne.

Autar Uchiha: Malam kashi 110? Datar wa?

Malam Na Tarihi: Ki kawo katin waya makaranta ranar Litinin.

Ɗan Bariki: Tunda an zo nan, ina da tambayar da ta fi wannan zafi. Allurar ceton rai ɗaya, mutum biyu a bakin mutuwa kwance a kan rufi, Erwin da Armin. Floch ya ɗauko Erwin a baya yana cewa sai shaiɗan ne zai iya cin wannan yaƙin. Levi ya riga ya kama hannun Erwin zai yi masa, sai hannun ya ɗaga sama kamar yaro a aji yana tambayar malam. Ya fasa, ya ba Armin. Da Erwin ne ya tashi, kuna ganin Eren zai kai ga tattake kashi 80 cikin ɗari na mutanen duniya?

Ɗan Damagaram: Da Erwin ya ga ɗakin nan ya ƙare. Shi kansa an tambaye shi me zai yi bayan ya gani, ya ce bai sani ba.

Ɗan Bariki: Haba! Mutumin da ya kifar da gwamnati ya ɗora Historia?

Yaya Admin: Ku dakata. Wannan sabuwar muhawara ce, kuma bara da aka yi ta sai da na cire mutum biyu. An kira magariba a nan. Ɗan Bariki, ka buɗe ta daban bayan isha'i, kuma ka tambayo mana Baba wa zai ba allurar.

Ɗan Bariki: Na riga na tambaye shi tun a lokacin. Ya ce yaron. Wai kwamandan ya gaji.